Hoton Sabi'u a Wayar Kowa

Daren Laraba, Agege

Har yanzu raina tafasa yake yi. Da hantsi saƙo ya shigo wayata: hoton Sabi'u, tsohon ɗalibina, an rubuta "ɓarawo" a ƙasa. Ashe rance ya ci a manhajar waya, da ya makara wajen biya suka kwashe lambobin wayarsa suka tura wa kowa. Masu aiko masa tumatir kasuwar Mile 12 sun gani, sun tsayar da kaya. Dillalin da aka zubar wa amana, me ya rage masa? Azzalumai kawai!

Bayan la'asar na je gidansu. Mahaifinsa ya ce, "Malam, mu bar wa Allah."

Na ce, "Baba, bashi zai biya, amma doka ba ta ba su mutuncinsa ba. Akwai hukumar da ke karɓar irin wannan ƙara, kuma saƙonnin nan su ne shaidarmu."

Sabi'u ya sunkuyar da kai. "Malam, in na kai ƙara ai kowa zai ji."

Na ce, "Wa ya rage bai ji ba?"

Sai ya miƙo min wayar.