Hoton Mama da Elkana Ya Zana a Duvu

Mubi, 9 ga Nuwamba, 1964

Zuwa ga yayata Miriyamu,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri cikin sunan Ubangiji. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara, da aikin asibiti da sanyin Jos. Allah ya ƙara muku ƙarfi. Mu nan lafiya lau, dawa ta yi kyau bana, 'yata Dibora kuma ta fara tafiya, ba abin da ta bari a tsaye a ɗakin.

Yaya, maganar hoton Mama da kika roƙa ce ta sa na ɗauki alƙalami, kuma raina a ɓace yake. Kin ce shekara shida ba ki ga fuskarta ba. Mai hoto ya ƙi hawa dutse da akwatinsa, ita kuma ƙafa ba ta barinta ta sauko Mubi. Sai ga ƙanenmu Elkana ya zo hutu daga kwalejin malamai da fenti da buroshi, ya ce shi zai zana ta, har da launi. Ranar Asabar muka tafi Duvu, ƙauyenmu na kan dutse inda Mama take, shi da wata hular Turawa kamar kwando, ni da kayansa a ka.

Ya yi Asabar yana yawo cikin gonaki, yana rufe ido ɗaya yana auna duwatsu da fensir. Ranar Lahadi Mama ta tashi da sassafe ta yi wanka, ta shafa man gyaɗa, ta ɗaura atamfar da kika aiko mata. Ko sujada ba ta je ba, matar da zazzaɓi ma bai taɓa hana ta ba. Ya zaunar da ita a gindin tsamiyar bayan gida, ya koma can nesa ya kafa allonsa. Inuwa ta gusa ta bar ta a rana, ba ta motsa ba. Na kai mata ruwa, ta ce in bari, kada ta ɓata wa yaron aiki. Haka ta zauna har la'asar, ƙudaje na bin fuskarta.

Da ya gama na leƙa. Ga dutse, ga tsamiya, ga dawa, har shaho a sama. A inda Mama take zaune kuwa, ya zana wani baƙin dutse. Na tambaye shi ina take, ya ce mini wai wannan hoton ƙasa ne, malaminsu ya ce mutum ɓata shi yake yi, wai ya zaunar da ita ne don ya gane tsawon itacen. Da na matsa, sai ya ce in abokansa suka ga tsohuwa a ƙauye dariya za su yi masa. Yaya, kin ji fa. Wannan tsohuwar ce fa ta yi ta hawa da sauka da itace a ka har ya yi karatun. Ban san mun yi rainon marar kunya ba sai ran nan.

Mama ta karɓi takardar ta kawo kusa da ido, yanzu gani ya yi mata wuya, ta tambaya ko ta fito da kyau. Ya ce ƙwarai. Ni kuma ban ƙaryata shi ba, har yau ina jin haushin kaina. Ya naɗe abinsa ya tafi da shi kwaleji, ita tana can tana zaton yana hannunki. Don Allah ki nemi hutu ki zo da Kirsimeti. Ta rame, kada ki jira hoto.

Ki gai da maigidanki da yaranku Lidiya da Kwaji. Baban Dibora yana gaishe ku. Mama ma ta ce in gaishe ki, kuma ki yi haƙuri da ba ta yi murmushi a hoton ba, haƙoranta ne suka zube, ba ta so ki gani ki damu.

Ni ce ƙanwarki,
Hanatu