Nafilar Ɓuya

Kalgo, daren Laraba, sha biyu ga Rajab

Yau ma maƙwabta sun fito da akusansu ƙofar gidan Malam Bawa, ana ciyayya bayan magariba. Tun zuwana daga Gwandu ban taɓa zama cikinsu ba. Da na ji takun Malam Bawa ya nufo zaurena, na yi wuf na kabbara nafila. Ya daɗe a tsaye, sannan na ji ya ce, "A ƙyale Malam, mutumin Allah ne." Ya ajiye mini tuwo da kifi, ya koma.

Na ci ni kaɗai ina jin dariyarsu, ko ɗanɗanonsa ban ji ba. Ina son zama cikinsu, to me nake gudu? Sallar nan ma, wa na yi wa?