Muryarki a Fayil Uku

Inna, assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki da ladabin da kika koya mini.

"Ke kika yi jami'a, ki tattara mana," in ji Safiya autarki, tana miƙo mini wayarki bayan an watse zaman makoki. So take in haɗa duk saƙonnin muryarki, in matse su a zip, yadda za su aiku ba nauyi.

Na zauna a ɗakinki na unguwar Al-Sih da kwamfutata, na ware wa kowa nasa. Na Safiya ya ƙi aikuwa ko bayan matsi, sai da na raba shi uku. Nawa kuwa bai buƙaci matsi ba. Saƙo tara ne, shida a kan maganin hawan jini.

Na san dalili. Ita tana Riyad, ni kullum ina gabanki. Kuma ni ce ƴar fari, uwa ba ta kama sunan ƴar fari. Na ma taɓa kare wannan kunyar a gaban ƙawayena Larabawa, da hujjoji masu kyau.

Duk da haka na saurari nata kaf, ba wanda ya sa ni. Kina ce mata Safiyata, habibti, kina tambaya ko ta ci abinci. Ita kuma ta amsa da Larabci, jimla biyu. Ni da na riƙe miki Hausa, na tura ki a keken marasa lafiya har Harami, a can ciki "waccan" ce. "Waccan ta hana ni gishiri." "Bari in kashe, waccan ta shigo."

Hauwa'u ɗaya tak na nema, Inna. Ban samu ba.

Na yi tunanin in matse nata fiye da kima, muryar ta dushe kaɗan, ba mai ganewa. Ban yi ba. Na aika mata cikakke, sannan na kwafi ukun na ajiye wa kaina ban gaya mata ba. A nata ne kika fi zancena, ko da ƙorafi ne.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka makwancinki a Baƙi'a, Ya yafe mini wannan ƙyashin.

Na rufe kwamfutar, na ajiye wayarki a kan sallayarki. Yanzu zan ja ƙofar in tafi.

Ƴarki ta fari,
Hauwa'u