Kunnuwan Jaki a Kan Allo

Zuwa ga aminiyata Tabarau,

Assalamu alaikum. Ina fata kun sauka lafiya, Umma da ƙannenki duk suna lafiya, sabuwar makaranta kuma ta karɓe ki.

Wallahi kin yi saurin tafiya. Wani abu ya ɓullo a ajinmu, irin wanda ni da ke muke bin diddiginsa har mu manta da cin abinci. Allon aji ne. Da safe a wanke shi tas, babu komai. Da an yi darasi biyu an goge alli, sai fuskar Malamin Lissafi ta fito baƙa a cikin farar ƙura, da sanƙonsa, da kunnuwan jaki. A wanke da ruwa ta ɓace, a sake rubutu a goge ta dawo. Rabin aji sun ce aljanu ne.

An kawo wata sabuwar yarinya, Baƙuwa muke ce mata. Ita aka ba aikin goge allo, kujerarki ta bakin taga ma ita aka ba. Yarinyar akwai kai. Ta ce aljanin da ya iya zana sanƙo haka lallai ya taɓa zama a ajin nan, na yi dariya har da hawaye. Mun fara bincike tare. Ke me kika gani?

A gaida Umma. Taki,
Aku

Aku,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Umma tana amsawa.

Na karanta wasiƙarki. Layi ɗaya nawa, sauran duk na allo da Baƙuwa. Mako uku kacal da tafiyata har an samu mai ba ki dariya da hawaye, madalla. Ni a nan ni kaɗai nake zama lokacin hutu, ba wanda ya san ko na iya magana, amma ba ki tambaya ba.

Tunda tana da kai, me za ki yi da nawa? Ta warware muku. Kuma ki gaya mata ƙafar kujerar nan ta baya tana rawa, ni kaɗai na san yadda ake zama a kanta.

Ki huta lafiya.
Tabarau

Aminiyata,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, yau ba wasa a bakina.

Malam ya kai ƙara. Ya ce fuskar ba ta fitowa sai Baƙuwa ta taɓa allon, don haka ita ce. Shugabar makaranta ta ce in Litinin ta wuce ba a samu mai laifi ba, za a dakatar da Baƙuwa, jarrabawa kuma saura kwana goma.

Mun gano sirrin jiya. Baƙuwa ta kankare kunnen jakin da farce, sai ga kakin kyandir. Alli ba ya kama kaki, shi ya sa zanen yake fitowa idan ƙura ta rufe allon. Ta kuma nuna mini yadda layukan suka karkata, ta ce bahago ne ya zana.

Nan take na gane, Tabarau. Na tuna ranarki ta ƙarshe, da kika ce in yi gaba kin manta littafi, da guntun kyandir ɗin ɗakin gwaji da na gani a aljihunki. Baƙuwa ma ta sani, don ni da bakina na cika mata kunne da labarin ƙawata bahaguwa. Na ce mu je wajen Shugaba. Ta ce ba za ta kira sunan wadda ba ta nan ba, kuma ba za ta raba ni da ke ba. Ta faɗi haka tana kuka.

Kin san komai lokacin da kika rubuto mini, kika yi shiru. Wannan ne ya fi yi mini ciwo. Ni ma ba zan kira sunanki ba, ke nake jira.

Allah ya bar zumunci. Taki,
Aku

Aku,

Salamu alaikum. Ni ce. Don ke na zana shi, na ce in bar miki abin bincike na ƙarshe, ki gane hannuna ki yi dariya. Sai wata ta riga ki ganewa, ta kuma kwashe dariyar. Kishi ne ya rufe mini baki, ba zan ɓoye ba, har yanzu ma bai sake ni ba.

Ga takardar amsa laifi zuwa ga Shugaba, na sa hannu, Umma ma ta sa bayan ta gama wanke ni da faɗa. Ki kai kafin Litinin. Ki ba Baƙuwa haƙuri, ki ce ta ninke takarda huɗu ta tokare ƙafar kujerar, sai ta daina rawa.

A wasiƙa ta gaba ki tambaye ni yadda nake.

Taki har kullum,
Tabarau