Inna da Man Gansakuka

Ƙanena Sanusi,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina fama da sanyin ƙasar mutane? Yaya Hadiza da yara? Mu nan Mafara lafiya lau, alhamdu lillahi.

Na karanta wa Inna roƙonka na ƙarin shekara biyu a wurin karatu, da bayanin cewa kuna gyara halittar gansakuka ta ba da man da kuka tsara: wani ya daskare kamar man shanu, wani ya tsaya ruwa. Washegari ta sa aka kwaso mata bokiti guda na gansakuka daga magudanar dam ɗin Bakalori. Ta shanya, ta soya, ta daka, ta murza da ruwan zafi, yadda take yi wa gyaɗa. Ko ɗigo bai fito ba, sai wari.

Ta ce, "Ruɗin yaron ga akai. Shi komo gida."

Na tsaya maka, domin na yarda da aikinka. Na ce irin taku gansakukar ido ba ya ganinta, kuma ba a turmi ake tatsarta ba. Ta amince, amma da sharaɗi: ka zo mata da kwalba guda ta soya ƙosai. Farfesoshinka masu sauƙi ne, wannan jarrabawar za ka yi wa shiri.

A sa mu cikin addu'a. Ka gaida mutan gidan.

Yayanka,
Bello