Ɗiyata Ta Zo Wankan Jego, Kun Rubuta Ta Cikin Masu Biya Mini Haya

Zuwa ga Madam Shugabar ofishin da ke duba takardun waɗanda bashi ya fi ƙarfinsu, a Lyon.

Gaisuwa mai yawa tare da girmamawa. Ina fatan kina lafiya, ke da iyalinki da abokan aikinki. Ya gajiya, ya haƙuri da jama'a?

Sunana Isufu, ina zaune a Minguettes, cikin Vénissieux, ni da matata Hajiya Rabi. Shekara ashirin da shida na yi ina ɗaukar kwali a sito, har bayana ya ƙi. Ban shiga lakwal, wato makarantar boko, ina yaro ba. Sai da furfura ta fara fito mini na zauna a ajin yamma na manya, na koyi karatu da rubutu. Wannan wasiƙa da Hausa na rubuta ta don 'yan uwa su karanta. Ta Faransanci tana zuwa miki ta gidan waya.

Bashin da ya kawo ni wurinku ban musa shi ba. Na tsaya wa wani ɗan garinmu ya buɗe kanti a Guillotière, kantin ya mutu, banki ya juyo kaina. Na kawo takarduna, kuka karɓa, na gode. Ma'aikaciyar unguwa da ta taya ni lissafi ta ce idan an cire haya da wuta da abinci daga fanshona, abin da zan iya biya a wata bai wuce Yuro tamanin ba. Na ce na yarda.

Ranar Talatar da ta wuce takardarku ta zo. Na karanta ta a tsaye bakin akwatin wasiƙu. Yuro ɗari uku da tamanin a wata! Na cire tabarau na goge, na sake karantawa. Na zauna a kan matakala. Har yau da nake rubutu mamaki bai sake ni ba. Ga abin da ya faru.

Na farko. Allah ya ba ni jika. Madam, shekara tara ɗiyata ta fari tana gidan miji a Paris ba haihuwa, sai bana. Namiji ne, kuma sunana aka sa masa. Ban san inda zan sa kaina ba don murna. Har direban taragon unguwa sai da na nuna wa hotonsa. Kashegarin suna suka iso Lyon, ita da yaron. A daidai makon nan kuka aiko da wata takarda kuna tambayar mutanen da ke kwana a gidana. A ajin yamma malamarmu ta koya mana cewa takardar hukuma ba a yi mata ƙarya, ba a kuma barin layi ba a cika ba. Suna kwana a gidana kuwa. Sai na rubuta. Sunan ɗiyar nan bakina bai taɓa kiransa ba, domin mu ba ma kiran sunan ɗan fari, amma ranar na rubuta shi baƙi bayan baƙi, na rubuta na takwarana a ƙasa, ina jin daɗi sunansa ya shiga takardar gwamnati da hannuna. An tambayi albashinta, na tambaye ta, na rubuta. Wannan kuskurena ne, na ɗauka.

Na biyu, naku. Kun ga mace mai albashi a gidana, sai kuka yanke cewa tana ba ni Yuro ɗari uku a wata na haya da abinci, kuka ɗora a kan abin da nake samu. Ba wanda ya kira ni ya tambaye ni. Wannan kuɗi ban taɓa ganinsu ba, kuma ba zan gan su ba. A wurinmu idan mace ta yi haihuwar fari takan koma gaban uwarta kwana arba'in, ana ce masa wankan jego. Uwar ce ke dafa mata ruwan zafi safe da yamma, ta dama mata kunun kanwa, ta dafa mata nama da yaji, ta koya mata riƙon jariri. Uba shi ke ciyarwa. Uban da ya miƙa hannu ya karɓi kuɗin ɗiyarsa mai jego, ban taɓa jin labarinsa ba, daga Maradi har nan.

Na uku. Zuwanta ƙara mini hidima ya yi, bai rage ba. Ruwan zafi sau biyu a rana, injin wanki kullum yana juyawa, ɗaki a ɗumame saboda yaro, ƙafar saniya daga mahaucin Guillotière duk bayan kwana uku. Ban nemi ku ƙara mini ko sisi saboda wannan ba. Ni da Hajiya mun rage namu cin ne, kuma da daɗin rai muka rage. Amma idan na biya abin da kuka rubuta, bayan haya da wuta, abin da ya saura ba zai kai mu tsakiyar wata ba.

Hajiya ta ce tun da na koyi riƙon biro ba ni iya ganin layi a buɗe in wuce shi, wai da na bar ta ta dangwala yatsa da ba mu shiga uku ba. 

Ma'aikaciyar unguwa ta ce hanya mafi sauƙi ita ce ɗiyar ta koma Paris yanzu, in rubuto muku cewa ta bar gidan. Ashe ɗiyar tana ji. Jiya da hantsi na tarar ta haɗa jakarta, ta ajiye ambulan na kuɗi a kan tebur, ta ce in zaɓi ɗaya, ko ta tafi ko in karɓa, ba za ta zama sanadin wahalata ba. Wannan ya fi takardarku girgiza ni. Ɗakinsu a Paris hawa na shida ne, babu lif. Mijinta yana aikin kaya a kasuwar Rungis, in ya dawo barci yake yi. Haihuwar ta ba ta wuya, har yanzu sai ta dafa bango take miƙewa. Wa zai dafa mata ruwa? Na mayar mata da ambulan ɗinta, na kai jakar ɗakina na kulle.

Saboda haka ina roƙon a sake lissafin gidana a kan mutum biyu, a cire kuɗin da babu su. Na haɗo da takardar hayar ɗakinsu na Paris da ta wutarsu, duka da sunanta. Ina kuma roƙon a ƙara layi ɗaya a takardarku, wanda zai raba mai zama da wanda ya zo na ɗan lokaci, domin akwai tsofaffi irina da yawa a waɗannan benaye. Ku 'yan uwa masu karantawa, ku yi tambaya kafin ku cika.

Bashi zan biya shi iya ƙarfina har ya ƙare. Amma yau kwananta ashirin da shida, saura goma sha huɗu. Ko kun gyara ko ba ku gyara ba, ba zan sa ta jirgi ba sai ta cika arba'in.

Allah ya yi miki jagora a kan aikinki, ya tsare ki daga cin haƙƙin wani ba da saninki ba. Idan kina da ɗiya, ranar da ta haihu Allah ya sa kina kusa da ita.

Wassalam.

Malam Isufu,
Minguettes, Vénissieux.