Albasar da Ba a Ci

Zuwa ga Inna Kaltumi, a Barmu,

Assalamu alaikum. Inna, ina fata kina lafiya, ke da mutanen gida duka. Yaya zafi? Ƙafar Baba ta bar shi yana zuwa garka kuwa?

Ni lafiya lau nike a nan Istambul, sanyi ya wuce. Tarin da anka ce miki ina yi bai kai yadda anka faɗa ba, kwana kaɗan na yi kwance. Gaskiya dai a lokacin har na fara tunanin barin karatun.

Ran Lahadi abokin ɗakina Yunana, ɗan garin Tawa, ya matsa sai da munka je wani babban lambu inda ake nuna furanni duk shekara. Inna, ja da fari da rawaya jere kamar zannuwa ran kasuwa! Wata tsohuwa mai sayar da irinsu ta ɗora mini ɗaya a hannu. Na ce, "Yunana, wannan ai albasa ce!" Da ya fassara mata cewa albasa kike nomawa, ta yi dariya, ta ƙulla mini a takarda, ta ce in kai miki kyauta. Rabona da dariya irin ta ran nan tun ina gida. Na koma aji da ƙarfina, sai na gama zan taho.

Zan aiko miki da ita. Ki binne ta da sanyi, mu gani ko ƙasarmu za ta karɓe ta. Don Allah kada ƙanwata Latifa ta yanka ta a miya.

Ki sa mini albarka.

Ɗanki,
Abdurazak